Makarɓin LDL a Cikin Kwalba: Yadda Ake Ƙera Shi Domin Bincike

Masu kallo, wannan 'yar kwalba da ke gabanku ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma farin garin da ke kwance a gindinta da ƙyar ido ke tsinkayarsa, domin sau da yawa nauyinsa bai wuce maikrogiram 50 ko 100 ba. Garin nan furotin ne na ɗan Adam, amma ba daga jikin kowa aka ciro shi ba, a ɗakin gwaje-gwaje aka ƙera shi. Sunansa makarɓin LDL.

Kolestarol ba ya narkewa a cikin jini, don haka jiki yake naɗe shi cikin wasu ƙananan ƙulle-ƙulle da ake kira LDL. A bangon ƙwayoyin hanta akwai wani furotin, wato makarɓin LDL ɗin nan, da aikinsa shi ne cafke LDL, ya shige da shi ciki, ya sake shi a wani ɗaki mai tsami, sannan ya dawo bango ya sake kamo wani, kuma zagaye ɗaya yakan ɗauke shi kimanin minti 10. Michael Brown da Joseph Goldstein ne suka gano shi a birnin Dallas na Amurka a farkon shekarun 1970, lokacin da suke binciken iyalan da suka gaji yawan kolestarol, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1985. Wannan ciwo na gado yana taɓa kusan mutum ɗaya cikin 250.

Da farko samun furotin ɗin wahala ne matuƙa. A 1982, daga wani ƙulli da ke saman ƙodar shanu aka fara tace shi, ɗan kaɗan bayan doguwar jan hali. Bayan da aka kwafi tsarin gadonsa a 1984 sai hanya ta buɗe, domin yanzu mai bincike yana ɗaukar wannan tsari ya cusa shi cikin ƙwayoyin da ake renonsu a kwalba, irin su HEK293 (na ɗan Adam) ko CHO (na wata dabba dangin ɓera), su kuwa su riƙa ƙera furotin ɗin suna zubo shi cikin ruwan da suke rayuwa a ciki.

A nan ne dabarar take. Cikakken makarɓin yana da amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 839, kuma wani ɓangarensa a kafe yake cikin bangon ƙwayar, wanda hakan ke sa shi wuyar sarrafawa. Saboda haka ake yanke wannan ɓangare, a ƙera na waje kaɗai, a liƙa masa 'yar wutsiya ta histidin (wani nau'in amino asid) guda shida. Idan aka tsiyaya ruwan ta cikin bututu mai ɗauke da nikel, wutsiyar takan manne, sauran tarkace su wuce, daga bisani a wanko furotin ɗin shi kaɗai, a busar da shi cikin sanyi.

Me ya sa ba a cika amfani da bakteriya ba, alhali sun fi araha? Dalili shi ne ɓangaren da ke kama LDL ya ƙunshi gaɓoɓi bakwai, kowace gaɓa tana da ƙulli uku na sulfa da ke riƙe siffarta, kuma tana buƙatar kalsiyam. Bakteriya sukan rikita waɗannan ƙulle-ƙulle, ba sa kuma liƙa sikarin da ƙwayoyin dabbobi ke liƙawa a jikin furotin. Batun kalsiyam ɗin nan ya sha cin ɗalibai: wanda ya narkar da garin cikin ruwa mai sinadarin EDTA, wanda ke tsotse kalsiyam, zai wayi gari furotin ɗinsa ya ƙi kama komai, ya yi ta zargin kamfanin da ya sayar masa. Haka ma yawan daskarar da shi ana narkarwa yana lalata shi, shi ya sa ake rarraba shi kashi-kashi kafin a sa a firiza.

Babban amfaninsa ya bayyana bayan 2003, shekarar da aka gano PCSK9, wani furotin da ke maƙale wa makarɓin ya ja shi zuwa inda za a ruguza shi. Ana shafa makarɓin a gindin faranti mai ramuka 96, a zuba PCSK9, sannan a auna ko wani magani ya iya shiga tsakaninsu. Magungunan alirocumab da evolocumab, waɗanda aka amince da su a 2015, wannan maƙalewa suke hanawa.

Sai dai guntun da ke cikin kwalba kamu kawai ya iya, ba ya haɗiye LDL, ba ya kuma dawowa bango. Duk wanda yake son ganin cikakken zagayen dole ya koma ga ƙwayoyi masu rai, irin su HepG2 na hanta, ya sa wa LDL launi mai ƙyalli, ya bi sawunsa ta madubin hangen ƙananan halittu.