Darasin garka: tsutsar da ke cinye ganyen zogala

To jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka, masu saurarenmu na nan Damagaram da na Mirriya har Gidimuni. Yau dai maganar tsutsar zogala ce, don kowa kuka yake.

Ga reshe a hannuna, yanzu na karyo shi. Daga sama lafiya lau. Amma juya shi, duba bayan ganyen, ga ta nan ƴar ƙarama koriya ta lafe. Ita ba daga baki take faro ci ba irin na fara, kankare koren take yi ta bar fatar kawai, ganye ya yi fari fat kamar takarda har kana hango rana ta cikinsa, daga nan ya bushe ya zube. Kuma tana saƙa zare ta liƙe ganye biyu uku ta shige ciki, in ka girgiza reshen sai ka ga ta sauko tana lilo da zaren. Uwarta ɗan ƙaramin malam buɗe littafi ne na dare, shi ke zuwa ya sa ƙwai, tsutsar in ta ƙoshi sai ta faɗa ƙasa ta shige cikin turɓaya ta rikiɗa ta fito da fiffike. Shi ya sa nake cewa a riƙa kaftun gindin itacen.

Magani? Ni ƴaƴan dogon yaro nake so, maganin kanti ban yarda da shi ba a kan abin da gobe za a yi kwaɗo da shi yara su ci. Ka daka ƴaƴan, ka sa garin rabin kilo a ruwa lita 10, ya kwana. Sai ka zuba a pampo... a'a tsaya, tacewa tukuna. Nan ne aikin yake. Rariya ba ta isa ba malam, tsumma za ka samu mai laushi ka ninka biyu, ka tace, ka sake tacewa, kar ka matse da ƙarfi don dusar sai ta ratsa, in ta ratsa kuwa bakin pampon ya toshe kana tsakiyar garka kana ta busa. Ɗan farin sabulu kaɗan don ya kama ganye. Feshi da marece in rana ta yi sanyi, kuma bakin pampo daga ƙasa ya kalli sama, can take. Bayan sati ka maimaita.

In ta riga ta cinye gaba ɗaya kar ka ɓata ruwanka, sare zogalan daidai gwiwa ko ƙugu, zai tofo. Wanda daka ke ba wuya kuma, akwai garin a wurina ƙulli ƙulli, ku same ni bayan la'asar.