Yadda Ake Bin Salsalar Iyali Daga Jos

Assalamu alaikum, masu kallo. Yawancin gidajen Hausawan Jos, a Gangare ne ko Dilimi ko Unguwar Rogo, suna da labarin wani kaka da ya taso daga ƙasar Kano ko Katsina ko Zazzau, ya hawo tudun nan saboda haƙar kuza ko fatauci ko almajirci. Labarin yakan tsaya a nan, domin da zarar an tambayi shekarar da ya zo, ko ƙauyen da ya baro, sai a ga jikoki suna kallon juna. Shirinmu na yau zai nuna yadda ake ɗaukar irin wannan labari a ɗaure shi da shekara da wuri da takarda.

Ana farawa ne da tsofaffin gida, musamman mata, waɗanda su ne suka fi riƙe wanda ya auri wance da wanda ya sha nono da wane. Sai dai tambaya ma gwaninta ce. Idan ka ce, "Kaka, a wace shekara aka haife ki?" amsar da za ka samu ba ta wuce "Allah ne masani." Amma idan ka ce, "Lokacin da Sarauniyar Ingila ta zo Jos, an yi miki aure ko kina gida?" to, ka ba ta turken da za ta ɗaure tunaninta, kai kuma ka san ziyarar a 1956 aka yi ta. Irin waɗannan turaka suna da yawa: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, isowar ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, ɗiban gwamna da aka yi wa mutane zuwa ramukan kuza tsakanin 1942 da 1944, da kuma canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. Ka ɗauki muryarta a waya bayan ka nemi izininta, kuma kada ka katse ta in ta yi nisa cikin wani zancen, domin sau da yawa sunan ƙauyen da kake nema a tsakiyar labarin wani biki yake faɗowa.

Inda masu bincike suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen sunaye. Mutum ɗaya zai iya zama Abubakar ranar suna, Garba a bakin abokai, Ɗanladi a wurin uwarsa da take yi masa alkunya, sannan Malam Na-Gangare a kasuwa. Haka Usman yakan koma Shehu, Muhammadu ya koma Mamman, Abdullahi ya koma Audu, kuma akawun kamfanin kuza abin da kunnensa ya ji shi yake rubutawa. Ga kuma al'adar makarantun boko na da, ta liƙa wa yaro sunan garinsu, yadda aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari, saboda haka mutum biyu masu amsa sunan gari ɗaya ba lallai ne su haɗa jini ba. Duk wanda ka rubuta, ka jera masa sunan yanka da laƙabi da sunan uba da sana'a, har da irin tsagar da ke fuskarsa idan an tuna ta.

Daga nan sai adakar gida. Wannan da kuke gani ta ƙarfe ce, tsatsa ta ci murfinta, amma a cikinta akwai rasiɗan haraji da suka yi ja, da tsohon fasfon aikin hajji, da takardar rabon gado mai hatimin alƙali wadda ta lissafa magada ɗaya bayan ɗaya. A ganina babu takardar da ta kai ta gado amfani. A buɗe gafaka kuma a duba warƙar ƙarshe ta Alƙur'anin gidan, domin malamai sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a can da ajami. Lissafin na Hijira ne, wanda shekararsa ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Abin tunawa mai sauƙi shi ne 1400 ta kama ne a watan Nuwamba na 1979.

Sai an gama da gida ake nufar ma'ajiyar gwamnati. A nan Jos, gidan tarihin da aka buɗe a 1952 yana da tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu. Fayilolin lardunan Arewa kuwa suna Kaduna, a reshen Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, ga kuma Gidan Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello a garin. Kada ka je da tsammanin ganin sunan kakanka a shafin farko, domin rahotannin Turawa sun fi ambaton hakimai da dagatai da jimillar masu biyan haraji. Abin da za su ba ka shi ne tabbacin cewa ƙauyen da Kaka ta ambata ya wanzu, da gundumar da yake, da wanda yake riƙe da shi. Ka lura kuma cewa sai a 1926 aka kafa Lardin Filato, saboda haka duk abin da ya shafi Jos kafin wannan shekara, a fayilolin Lardin Bauchi za ka fara nemansa.