Gyaɗa ce ke kawo ƙurajen fuska? Laccar da aka yi wa matasa a Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata da ke zaune can baya, da ƙannena 'yan makaranta, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi.

Tambayar da ta fi yawa a takardun da kuka miƙo ita ce ko gyaɗa ce ke feso muku da ƙuraje. To bari mu fara da yadda ƙurjin ke samuwa. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jakar da ke fitar da maiƙo. Idan aka balaga, sinadaran jiki kan sa maiƙon ya yi yawa, ya cakuɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, ƙwayoyin cuta su samu mafaka, sai wurin ya kumbura. Man ƙuli-ƙulin da kika ci ba ya bin jini ya ɓullo a kumatunki, kuma bincike bai kama gyaɗa da wani laifi ƙwaƙƙwara ba. Iyaye, a daina hana yara ita.

Inda nake so ku sa ido shi ne teburin mai shayi. Saurayi zai zauna da safe, a zuba masa sukari cokali uku, a tsiyaya madarar gwangwani har shayin ya yi fari, ga rabin burodi. Da rana lemon kwalba da cincin, da dare taliyar leda. Irin wannan abinci yakan sa sukarin jini ya yi sama nan take, jiki ya saki insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, da yawa, shi kuma ya zuga wani sinadari mai suna IGF-1, wanda ke sa jakunkunan nan ƙara aman maiƙo. A 2007 an fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a Melbourne ta Ostireliya da samari 43. Waɗanda aka rage wa irin wannan cima na mako 12 ƙurajensu sun fi raguwa. Kafin nan, a 2002, an ba da rahoton duba mutum 1,200 a tsibirin Kitava na ƙasar Papua New Guinea, masu rayuwa a kan doya, dankalin Hausa, kifi da kwakwa, ba a samu mai ƙurajen fuska ko ɗaya ba.

Maganar madara kuwa, ɗan ƙasarmu ne, Clement Adebamowo, ya jagoranci binciken da ya fito daga jami'ar Harvard ta Amurka a 2005, a kan mata fiye da 47,000. An ga alaƙa tsakanin shan madara da ƙuraje, musamman wadda aka cire wa mai. Alaƙa na ce, don wani zai sha kullum fuskarsa sumul. Kada wanda ya fita nan ya ce na haramta fura da nono. Amma ku masu ɗaga ƙarfe da ke shan garin furotin na madara, in bayanku da ƙirjinku sun cika da ƙuraje, ku ajiye shi wata biyu ku gani.

Abin da ke ba ni takaici, mu a Jos Allah ya hore mana. Ku leƙa kasuwar Farin Gada da sassafe: kabeji, karas, latas, koren wake, ana lodinsu a mota zuwa wasu jihohi, mu kuma muna karyawa da biskit. Gwaten acca da ganye, ko wake da alayyafo, sun fi riƙe ciki, kuma ba sa tayar da sukari kamar farin burodi.

Sai dai gyaran abinci kaɗai ba ya warkar da manyan ƙuraje masu zafi da ke barin tabo. Waɗannan na likitan fata ne, kuma maganin shafawa kan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin a ga aikinsa. 'Yan matana, ina roƙonku ku rabu da man bilicin da ake haɗawa a kwalba ba suna, domin da yawansu na ɗauke da wani sinadari mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, shi da kansa yana fito da ƙuraje yana kuma cinye fata. Mai juna biyu kuma kada ta taɓa maganin ƙuraje sai ta faɗa wa likita halin da take ciki, don akwai wanda ke nakasa jariri tun yana ciki.