Takardar Ɗaukar Aiki da Albashin Farko

(Lacca ce da aka gabatar wa ɗalibai masu shirin kammala digiri, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina da ke zaune a gaba, ƙannena maza da mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana a kan rayuwa bayan jami'a. Fagen yana da faɗi, don haka zan tsaya a kan watannin farko na wanda Allah ya ba aikin albashi bayan ya gama bautar ƙasa. Na san wani yana cewa a ransa, "Malam, a bari mu samu aikin tukuna." Gaskiyarka. Amma ranar da aka miƙo maka takarda aka ce sa hannu, ba ranar neman shawara ba ce, murna ba za ta bar ka ka karanta layi biyu ba.

Shekara huɗu ko biyar ana tsara muku komai: ga jadawalin darasi, ga ranar jarrabawa, ga sakamako a allo. Ko bautar ƙasar ma, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, haka take: mako uku a sansani, a tura ka inda za ka yi hidima, ƙarshen wata alawus ya shigo, wanda tun 2025 ya zama naira 77,000. Ranar da ka karɓi takardar sallama, duk wannan ya ƙare. Daga nan babu mai bin ka yana tuna maka haƙƙinka. Ku lura kuma, mafi ƙarancin albashi a doka tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato ƙasa da alawus ɗin ɗan bautar ƙasa, kuma akwai makarantun kuɗi a garin nan da ko wannan ba sa biya. Kada abin ya zo muku ba zato.

To, mu zo kan takardar. Dokar ƙwadago ta ce dole mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin a wuce wata uku da farawa. Ta kuma faɗi wa'adin sanarwar da za a bayar kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, daga nan wata guda. Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ma'aikacin da wannan doka take nufi shi ne mai aikin ƙarfi da akawu. Ta fitar da masu aikin gudanarwa da ƙwararru. Ke nan da yawanku, injiniya ne ko akanta, abin da ke rubuce a takardarku shi za a fara dubawa in an je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Abin da manaja ya faɗa maka da baki yana dafa kafaɗarka, "Kada ka damu, bayan wata shida za mu duba," ba ya cikin fayil. Duba tsawon lokacin gwaji. Duba wa ya ɗauke ka a zahiri, domin za ka ga matashi sanye da kwat a banki, alhali wani kamfanin samar da ma'aikata ne ubangidansa, albashinsa da haƙƙoƙinsa ba ɗaya ba ne da na wanda ke zaune a teburin gefensa. Idan an ce ka ajiye takardun shaidarka na asali a wurinsu, ni shawarata kada ka yarda.

Mai shiga aikin gwamnatin tarayya da digirin farko yawanci a mataki na 8 yake farawa, ya yi shekara biyu yana gwaji kafin a tabbatar da shi, bayan ya ci jarrabawar tabbatarwa. Fita kuwa sai ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Shi ya sa nake roƙonku, tun yanzu ku daidaita ranar haihuwarku da yadda ake rubuta sunanku a katin ɗan ƙasa, da banki, da takardar sakandare. Muhammad a nan, Mohammed a can, an haife ka 2001 a wannan takarda, 2003 a waccan: yau wasa ne, ranar tantancewa albashi ne zai tsaya. Maganar sayen gurbi ba zan daɗe a kanta ba. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya. Wanda ya sayar da gonar gado ya karɓo takardar bogi, wa zai kai wa ƙara?

Yanzu kuɗi. Adadin da aka rubuta a takarda ba shi ne zai shigo wayarka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga tushen albashinka da kuɗin gida da na mota, mai aikin ya ƙara aƙalla kashi 10 daga aljihunsa. Idan waɗannan ukun sun kama naira 150,000, naka 12,000 ne, nasa 15,000, duka 27,000 su shiga asusun da ke ɗauke da sunanka kai kaɗai, cikin kwanakin aiki bakwai bayan an biya albashi. Kai ne ke zaɓen kamfanin da zai riƙe maka asusun, ba ofis ba, kuma kana iya canza shi sau ɗaya a shekara. Abin da ke ba ni haushi shi ne wuraren da ke cirewa ba sa zubawa, ma'aikaci kuma bai taɓa neman bayanin asusunsa ba sai bayan shekaru. Ku nema duk bayan wata uku. In babu komai a ciki, hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, domin haka aka kafa ta. Wanda aiki ya kuɓuce masa ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana da damar cirar kashi 25 na abin da ya tara. Sai haraji, wanda ake cirewa tun kafin kuɗin su iso hannunka. Wanda kuma ya ci bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, ya sani biya yana farawa shekara biyu bayan bautar ƙasa, kashi 10 na albashi.

Abin da ya rage shi ne za ka tunkari gida da shi, kuma a nan ne aka fi shan wuya. Labari ya riga ka isa unguwa: ɗan wane ya samu aiki. Albashin farko, al'adarmu ce a kai wa iyaye su sa albarka, a ɗan taɓa wa gwaggo da kawu, kuma al'ada ce mai kyau, kada ku bari boko ya raba ku da ita. Matsalar wata na biyu ce da na uku, lokacin da kowa ya ɗauka abin da ya gani a watan farko shi ne ƙa'ida. Zauna da mahaifiyarka ka faɗa mata gaskiyar abin da kake ɗauka, ka cire kuɗin adaidaita na wata a gabanta, ka yanke abin da za ka iya bayarwa ba fashi. Uwa ta fi kowa iya tare maka 'yan bani-bani, in dai ta san gaskiya. Wanda ya ɓoye don a ce yana da shi, ƙarshensa manhajojin bashi na waya, masu aika wa duk lambar da ke wayarka saƙon cin mutunci in ka makara da biya. In za ka yi adashi a ofis, shiga wanda zubinsa ba zai hana ka barci ba.

Cikin ofis kuwa, ajiye matakin digirinka a bakin ƙofa. Dattijon da ke kula da fayiloli, mai takardar sakandare, ya san inda kowace takarda take kwana, ya ga shugabanni sun zo sun tafi. Gaishe shi da "Baba", ka tambaye shi. Kuma babu mai manna maka sakamako a allo, in wata uku ya wuce maigidanka bai ce komai ba, nemi lokacinsa ka ce, "Yallaɓai, ina ne zan gyara?"

Ƙannena mata, ku tambayi hutun haihuwa tun kafin ku sa hannu, ko da ba a sa ranar aure ba. A dokar ƙwadago mako 12 ne da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, a aikin gwamnatin tarayya kuwa hutun ya fi haka tsawo. Kamfanoni kowa da nasa tsarin, don haka a rubuta muku shi.

Shugaban taro ya miƙo mini 'yar takarda cewa lokaci ya ƙure. Na ga hannu can baya wajen taga, a miƙa wa 'yar'uwa abin magana.