Kare Mai Ciwon Sukari Da Aka Gano Masa Cutar Cushing: Yadda Za A Bi Da Makonnin Farko

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka.

Akwai wani kare sunansa Duna, karen gadi ne a wani gida da ke Bompai, nan cikin Kano. Shekararsa tara, nauyinsa kilo 25. Wata biyar ke nan da aka gano yana da ciwon sukari, safe da yamma ana yi masa allurar insulin. An fara da yunit 10, aka koma 16, aka kai 25, yanzu ana maganar 38, amma sukarin ya ƙi sauka. Maigadin gidan ne ya fara magana: "Alhaji, ranka ya daɗe, karen nan fa ba ƙiba yake yi ba. Dubi ƙafafunsa kamar sillen kara, tumbin ne kawai ke yin gaba." Da aka koma wurin likitan dabbobi aka yi gwaji, sai ga wata cutar laɓe a bayan ta farko. Ana kiranta cutar Cushing.

Sunan na wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne ɗan Amurka, Harvey Cushing, wanda ya yi bayaninta a jikin mutane a 1932.  Kusa da kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ake kira adirinal, ita ke fitar da wani sinadari mai suna kotizol. Amfaninsa shi ne idan jiki ya shiga tsoro ko yunwa ko wahala, ya tura sukari cikin jini don a sami ƙarfi. Mai ba ta umarni kuma wata halittar ce a ƙasan ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar wake girma ba. A karnuka 80 zuwa 85 cikin 100 masu wannan cuta, ƙaramin ƙari ne ke fitowa a wannan ta ƙwaƙwalwar, sai ta yi ta ba da umarni ba ƙaƙƙautawa. Sauran kuwa a jikin adirinal ɗin kanta ƙarin yake, kuma irin wannan a kan iya cire shi da tiyata.

Akwai hanya ta uku, wadda mu da hannunmu muke jawowa. Kare na susa, sai a aika yaro kemis ya sayo deksa ko firednisolon a tura masa cikin nama. Ƙaiƙayin ya lafa, ya dawo, a sake ba shi, har wata da watanni. Waɗannan ƙwayoyi 'yan uwan kotizol ne, aikinsu ɗaya a jiki. Idan ka san an yi wa karenka haka, ka gaya wa likita ba ɓoye-ɓoye, kuma kada ka tsayar da su rana ɗaya, a hankali ake janye su.

To me ya haɗa wannan da ciwon sukari? Insulin shi ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsoka. Kotizol kuma yana sa hanta ta ƙara zubo sukari, sannan ya sa jiki ya yi kunnen ƙashi da insulin. Kamar kana kwashe ruwa daga tsakar gida da damina ne, wani kuma ya toshe rariya. Shi ya sa likitoci kan fara zargi idan allura ɗaya ta wuce yunit ɗaya da rabi ga kowane kilo amma sukari na sama. Ku lissafa na Duna, kilo 25, yunit 38: ya taka wannan layin.

Wahalar gane ta ita ce cututtukan biyu kamarsu ɗaya. Shan ruwa, yawan fitsari, ci kamar gara, duk suna cikin kowacce. Abin da ya fi nuna Cushing shi ne tumbi ya sauko, gashi ya zube daidai wa daida a gefen dama da hagu ba tare da susa ba, fata ta yi siriri har kana ganin jijiyoyi, ga haki ko da sanyin hunturu. Gwajin ma yana da tarko: karen da sukarinsa ya birkice kotizol ɗinsa kan hau don wahalar da jiki ke ciki, sai sakamako ya nuna Cushing alhali babu ita. Don haka likitan kirki ba ya gaggawa. Zai haɗa gwajin jini, wanda ɗaya daga cikinsu awa takwas yake ci, da hoton ciki, da abin da idonsa ya gani.

Yanzu mu zo kan abin da ya sa muka yi wannan bayani. Maganin da aka fi amfani da shi shi ne tirilosten, ana sayar da shi da sunan Vetoryl. Kafso ne, da abinci ake ba da shi don jiki ya fi ɗaukarsa, kuma ga mai ciwon sukari likitoci da yawa sun fi son a raba shi biyu, safe da yamma. Ba ya kashe ƙarin, rage kotizol kawai yake yi, saboda haka shansa har ƙarshen rayuwa ne. Ba a buɗe kafson, mace mai juna biyu kuma kada ta taɓa shi.

Ku saurara da kyau a nan. Ranar da maganin ya fara aiki, wanda ya toshe rariyar nan ya janye ƙafarsa. Yunit 38 ɗin da jiya ba ta ko girgiza sukarin Duna ba, jibi tana iya kayar da shi ƙasa. Allurar ba ta canja ba, jikin ne ya fara jin ta. Wannan shi ne babban haɗarin makonnin farko, kuma ya fi zuwa daidai lokacin da mutanen gida suka fara murna cewa kare ya rage shan ruwa. Wasu likitocin kan rage insulin tun ranar da aka fara kafso, wasu su jira awo. Kowanne naka ya zaɓa, ka tabbata kun yi wannan magana kafin ka bar gabansa, kuma kana da lambarsa.

Faɗuwar sukari haka take zuwa: kare ya yi laƙwas, jiki na rawa, yana tangaɗi kamar ɗan maye, ido ya kafe. Idan ta yi tsanani sai jijjiga da suma. A na'urar awon sukari, ƙasa da 60 ne a ma'aunin mg/dL. Idan yana iya ci, ba shi abincinsa nan take. Idan ba ya iyawa, lakaci zuma da yatsa ka shafa masa a dadashi ta gefen baki. Kada ka ɗura masa ruwan sukari yana kwance a sume, zai shaƙe. Kada kuma ka sa yatsa tsakanin haƙoransa yana jijjiga. Da ya farfaɗo, a ba shi abinci, a tafi asibiti, kuma ba wata allura sai likita ya faɗi adadi. Kwalbar zumar ta zauna inda maigadi zai kai hannu da tsakar dare, ba a kulle a kicin ɗin Hajiya ba.

Shi ma kafson yana iya wuce gona da iri, ya sauke kotizol ƙasa da abin da jiki ke buƙata. Alamarsa ƙin cin abinci, amai, gudawa, kasala. Karen da kullum yake lashe kwano tas, ranar da ya shinshina ya juya baya, tsayar da kafso ka kira likita. Amai da ƙin ci suna iya zama kuma sukarin ne ya hau har ya ɓata jini. Daga tsakar gida ba za ka iya bambance su ba, kuma duk ba sa jiran gobe.

Abin da zai cece ka littafi ne na makaranta mai shafi arba'in da biro. Kullum a rubuta ƙarfe nawa ya ci, ya cinye ko ya rage, yunit nawa aka yi masa, an ba da kafso ko an manta, da ruwan da ya sha. Auna ruwa ba wuya: ka cika bokitinsa da robar lita ɗaya da rabi, ka ƙirga, gobe war haka ka auna abin da ya rage. Shan da ya wuce mililita 100 ga kowane kilo a rana ya yi yawa. Ga Duna lita biyu da rabi ke nan, kamar leda biyar ta fiya wata. A zafin Afrilu lafiyayyen kare ma yana ƙara sha, don haka tafiyar lambobin daga rana zuwa rana ita za ka duba. Kuma komai yawan fitsarin da yake ɓata maka gida da shi, kada ka ɗauke masa ruwa. Jikinsa ba ya iya riƙe ruwan, ƙishirwa za ta yi masa illa cikin 'yan awanni. Kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Na'urar awon sukari ta mutane tana aiki, ana ɗan tsira gefen kunne a sami ɗigon jini, sai dai takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kare. Ka nuna wa likita irin taka. Zai iya sa ka ware rana guda ka riƙa aunawa duk bayan awa biyu daga allurar safe zuwa ta yamma, don a ga inda sukarin ya fi yin ƙasa.

Abinci sau biyu, tsakaninsu awa 12, adadi ɗaya, iri ɗaya. Ƙarfe shida da rabi na safe da wajen Magariba ya yi wa yawancin gidaje daidai. Ya ci tukuna, sannan allura. A gidajenmu matsalar ba daga kwanonsa take ba, daga yara take: wannan ya jefa masa burodi, waccan ta kankare masa ƙanzon shinkafa, ga ragowar tuwon dare. Karen Cushing kuwa roƙonsa ba ya ƙarewa. Da Babbar Sallah a yi hattara da kitsen layya, yana iya kumbura masa sashen da ke yin insulin ɗin. Zogale da shuwaka da ƙwayoyin sukari na mutane ba sa maye gurbin allura a jikin kare. Ku tuna ma a jikin karnuka aka fara gwada insulin, a Toronto ta Kanada, a 1921.

Sirinji ma akwai magana. Insulin na dabbobi irin su Caninsulin yunit 40 ne a kowace mililita, na mutane irin su Insulatard yawanci yunit 100. Sirinjin 40 yawanci jan murfi gare shi, na 100 ruwan lemo. Idan ka zuƙi insulin na mutane da sirinjin 40 har layin 10, yunit 25 ka ɗiba, ninki biyu da rabi. Duk ranar da aka sauya maka kwalba ko sirinji a kemis, karanta lambar da ke jikin kowanne.

Sai ajiya, wadda ita ce ciwon kan Kano. Insulin yana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, ba ya son daskarewa, ba ya son rana, mu kuma da bazara zafi kan haura 40, ga ɗauke wuta. Wani lokaci abin da ake zaton taurin cuta ne, kwalbar ce ta lalace. Idan firji ya mutu, sa shi a kula da ƙanƙara, amma a naɗe da tsumma kada ya taɓa ta. In babu, a koma ga dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami kyautar Rolex a 2000. Ba ta kai firji ba, kuma ta fi sanyi da rani a kan damina, amma ta fi ajiye shi a taga nesa ba kusa ba.

Abu biyu a taƙaice. Kusan uku cikin huɗu na karnuka masu ciwon sukari kan yi yanar ido cikin shekara guda. Idan ta zo wa naka, ba lalle sakacinka ba ne, kuma da hanci da kunne yake gane gidansa muddin ba a riƙa sauya wa kaya wuri ba. Idan kuma karya ce, a yi maganar cire mahaifa, domin bayan kowane lokacin barbara, ko kare ya bi ta ko bai bi ta ba, sinadaran jikinta kan sake birkita insulin.

Awon farko bayan fara kafso yana zuwa ne tsakanin kwana 10 da 14, sai a wata guda, sai a wata uku, daga nan duk bayan wata uku. Tambayi likitanka tun yau inda za a yi gwajin, a nan Kano ne ko sai an dangana da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, don ka shirya mota da kuɗi. Idan gwajin da ake yi wa kare allura a sake ɗibar jini bayan awa ɗaya ne, ana fara shi awa huɗu zuwa shida bayan kafso. Saboda haka ranar a ba shi abinci da kafso da allurarsa kamar kullum, a rubuta lokacin daidai. A fita da hantsi kafin rana ta take, da ruwansa a mota, da zumar, da kwalbar insulin a kula, da sirinjin da ake amfani da shi, da littafin.