Faifai biyu da Bee Gees suka fitar a 2001

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa.

Maganata a yau kan wasu mawaƙan Turawa ce, su uku, uwa ɗaya uba ɗaya, da ake kira Bee Gees. Barry Gibb ne babba, sai ƙannensa tagwaye, Robin da Maurice, waɗanda aka haifa a tsibirin Man, kusa da Ingila, cikin Disambar 1949. Robin ne ya fara faɗowa, wato a wurinmu shi ne Hassan, Maurice kuma Usaini. Iyayensu suka kwashe su zuwa Ostiraliya a 1958, can suka fara fitar da faifai, suka dawo Ingila a 1967.

To, a 2001, lokacin dukansu sun haura hamsin, sai suka fitar da faifai biyu. Cikin Afrilu suka saki This Is Where I Came In, na sababbin waƙoƙi. Cikin Nuwamba kuma aka tattara bakandamiyoyinsu, kimanin 40, a faifan CD biyu mai suna Their Greatest Hits: The Record. Na biyun shi mutane suka fi sani, ni kuma na farkon nake so in yi wa kara.

Ba raina na biyun na yi ba, domin akwai darasin tarihi a cikinsa. In ka saurare shi a jere, za ka ji yadda suka tashi daga waƙoƙi masu sanyi na shekarun 1960 zuwa kiɗan disko, inda Barry ya koma rera waƙa da siririyar murya, har fim ɗin Saturday Night Fever na 1977 ya kai su ƙololuwa. Daga nan kasuwa ta juya. A Yulin 1979 aka taru a wani filin wasa a Shikago aka tarwatsa tarin faya-fayen disko, gidajen rediyon Amurka suka ja baya da su. Me suka yi? Sai suka koma tsara wa wasu waƙa: Barbra Streisand a 1980, Dionne Warwick a 1982, Diana Ross a 1985. Dattawan da ke nan, waɗanda suka riƙe kaset ɗin Kenny Rogers a zamanin samartaka, ku sani cewa Islands in the Stream, wadda ya yi da Dolly Parton a 1983, waɗannan 'yan uwan ne suka rubuta ta. A cikin wannan tarin sun rera ta da bakinsu, kamar mai gona da ya daɗe yana ba da aro, yau ya zo ya ɗanɗana amfaninta.

Amma fa tarin bakandamiya kasuwa ce ke zaɓensa. Abin da aka saya shi ake sakawa. Kuma abin da aka saya, kusan duka muryar Barry ce ko ta Robin ke ja. Maurice fa? Yana baya, yana kaɗa jita da fiyano, yana amshi, yana haɗa sautin. Duk wanda ya san ƙungiyar makaɗa ya san cewa in 'yan amshi suka kwance, mai jan waƙa ba ya kai labari. An kuma san shi da shiga tsakani in yayyensa biyu suka saɓa, kuma sun sha saɓawa, har Robin ya taɓa ficewa a 1969.

Wannan ne ya sa faifan Afrilu yake taɓa ni. A cikinsa kowannensu ya samu fili, Maurice ya ja waƙa biyu da kansa, ɗayarsu ma sunanta Man in the Middle, wato mutumin tsakiya. Muryar ba ta da ƙawa irin ta 'yan uwansa, amma za ka ji mutum ne da ya yi shekara da shekaru a bayan fage, yau yana faɗin tasa. Waƙar da aka sa wa faifan sunanta kuwa sun mayar da ita kan jita da muryoyi, kusan irin yadda suka faro. Ita kaɗai ce daga sabon faifan ta shiga cikin tarin Nuwamba.

Ba wanda ya san na ƙarshe ke nan. Cikin Janairun 2003 Maurice ya rasu a Miami bayan murɗewar hanji, yana da shekara 53. Barry da Robin ba su sake yin faifan sababbin waƙoƙi da sunan Bee Gees ba, shi ma Robin ya rasu a Mayun 2012.

Yanzu zan kunna muku waƙar Maurice ɗin, Man in the Middle. Don Allah na baya a ɗan yi shiru, ku kasa kunne ga muryar da ke ja, in ta ƙare sai mu karɓi tambayoyi.