Shari'ar Kujerar Gwamnan Kano a Kan Allo: Koyar da Sibik da Abin da Ɗalibai Ke Ji a Rediyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai 'yan'uwa, barkanmu da haɗuwa. Waɗanda ke baya ku matso, wannan lasifikar ba ta da ƙarfi.

Darasin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa, wanda a makaranta muke ce wa Sibik, ya zama darasin hadda. Yaro zai jero maka rassan gwamnati uku, da sanatoci 109, da 'yan majalisar wakilai 360, ya ci jarrabawar WAEC. Ka tambaye shi abin da ya sa kotu ta iya tsige gwamnan da hukumar zaɓe ta ba takardar shaida, sai ya ce ai siyasa ce kawai. Alhali ɗan aji shida na sakandare shekararsa 17 ko 18, zaɓe mai zuwa da shi za a yi. Abin da nake so mu koma gida da shi ɗaya ne: in za ka shigo da labarin siyasa aji, shigo da shi don a ga yadda doka ke aiki, tambayar wa ya fi gaskiya kuma ka bar wa majalisar mai shayi.

Bari mu ɗauki misalin da duk wanda ke Arewa ya bi, wato shari'ar zaɓen gwamnan Kano na 18 ga Maris 2023. Na zaɓe shi ne don ya ƙare, akwai takardunsa, kuma akwai lissafi a ciki. Darasi biyu ne na minti arba'in-arba'in.

Kafin ranar, malami ya shirya takarda shafi ɗaya tak. A sama a rubuta sassa uku na kundin tsarin mulkin 1999, a fassara su da Hausa mai sauƙi a ƙasa. Sashe na 177 ya jero sharuɗɗan ɗan takarar gwamna, ciki har da zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi. Sashe na 179 ya ce sai ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na ƙananan hukumomi. Sashe na 285 ya ƙayyade lokaci: kwana 21 a shigar da ƙara, kwana 180 kotun zaɓe ta yanke hukunci, kwana 60 ga kowace ɗaukaka ƙara. In kuɗin fotokwafi bai kai ba, kwafi ɗaya ga kowane benci ya isa. Aji mai mutum tamanin, kwafi ashirin ke nan.

Minti goma na farko a kan allo za a yi su. Rubuta abin da INEC ta bayyana: Abba Kabir Yusuf na NNPP, ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC, 890,705. Ka sa yaro ya fito ya cire. Tazara 128,897. Sannan ka rubuta cewa ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 daga na Abba, saboda ta ce takardun ba su da sa hannu da hatimin hukuma. Wani yaron ya sake cirewa. Saura 853,939, ƙasa da na Gawuna. Kada ka ce komai, bar su su kalli alkaluman. Za ka ji ajin ya yi tsit, sai wani ya ce, "Malam, ashe a nan aka juya." To ya gane da kansa cewa hukuncin yana da hujjar da aka ɗora shi a kai, ko ya yarda da ita ko bai yarda ba.

Daga nan sai tambayar da ta fi amfani a darasin duka: in jami'in zaɓe ya manta bai buga hatimi ba, laifin wa ne, kuma wa ya kamata ya yi asara? Raba ajin benci-benci, amma kai ne za ka ba kowane rukuni ɓangaren da zai kare, da ƙuri'ar takarda a cikin hula. Wannan wajibi ne. In ka bar su su zaɓa, 'yan jar hula za su tattaru gefe guda, sauran su koma ɗaya gefen, kowa ya maimaita abin da ya ji a gida. Amma yaron da babansa ɗan Kwankwasiyya ne in ya tsinci kansa yana kare hukuncin kotun zaɓe, dole ya koma takarda ya nemo hujja. Kowane rukuni minti biyu, kuma duk maganar da ba a jingina ta da sashe ko adadi ba, ba a ba ta maki.

Darasi na biyu na matakan kotu ne. Ranar 17 ga Nuwamba 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da tsige Abba da kotun zaɓe ta yi, ta dogara da cewa ba ya cikin rajistar jam'iyyarsa lokacin da aka tsayar da shi. Ranar 12 ga Janairu 2024 kotun ƙoli ta rushe wannan, ta maido da ƙuri'un, ta ce batun wane ne ɗan jam'iyya harkar cikin gidan jam'iyya ce. Sa ɗalibai su ƙirga kwanaki da kalanda. Daga hukuncin farko zuwa na biyu kwana 58, daga na biyu zuwa na uku kwana 56. Duka ƙasa da sittin. Yanzu sashe na 285 ya tashi daga hadda. Ka kuma tambaye su wa ke zaune a gidan gwamnati duk tsawon watannin nan, kuma me ya sa. Nan za su koyi cewa ɗaukaka ƙara tana riƙe wanda aka rantsar a kujerarsa har a kai ƙarshe.

Akwai wani abu a shari'ar nan da ya fi littafi koyar da tantance labari. Da kwafin hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ya fito, an ga wani sakin layi a cikinsa da ya saɓa wa abin da aka karanta a kotu, kotun kuma ta ce kuskuren rubutu ne. Hoton shafin ya zaga WhatsApp, kowa na fassara shi yadda ya ga dama. Ba ɗalibai aikin gida: su kawo yadda kafofi biyu suka ba da labarin, misali BBC Hausa da Aminiya, ko wani gidan rediyon Kano, su ja layi a ƙarƙashin abin da ya faru, su zagaye abin da yake ra'ayi ne.

To ina ake tuntuɓe? Na farko shi ne malamin kansa. Yara sun san hular da kake sawa ran Juma'a, sun san abin da kake rubutawa a Facebook. In suka tambaye ka wa ka zaɓa, ce musu ƙuri'a sirri ce, shi ma darasi ne. Ka kula da laƙabi: "Abba gida-gida" ko wani kirarin yaƙin neman zaɓe ba ya hawa allo, cikakken suna da jam'iyya kawai.

Na biyu, ɗaukar labari da zafinsa. Ranar da kotun zaɓe ta yanke hukunci sai da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kano. A irin wannan mako ba a buɗe muhawara a aji, tuwo ma sai ya huce ake sa hannu. Jira sati biyu ko uku, takardu su fito. Kuma abin da ya taɓa addini, ƙabila ko sarauta kai tsaye, kamar rikicin masarautar Kano, ni ba na ba sabon malami shawarar ya fara da shi.

Na uku, shiga aji ba tare da firinsifal ya sani ba. Kai masa takardar nan mai shafi ɗaya kwana biyu kafin darasi, ka nuna masa inda ta dace da manhaja, a ƙarƙashin zaɓe da bin doka da oda. Ran da wani uba ya zo da ƙorafin ana koya wa ɗansa siyasa, takardar ce za ta yi magana.

Malaman da ba na Kano ba, ko waɗanda ke ganin wannan ya yi musu kusa da gida, ga madadi. Hukuncin kotun ƙoli na 11 ga Yuli 2024 kan biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ya dace da darasin tsarin tarayya. Dokar rage shekarun takara da aka sa wa hannu a 2018, wadda ta maido da majalisar wakilai da ta jiha daga shekara 30 zuwa 25, ita kuma yara suna sonta, don kowa zai lissafa shekarar da zai iya tsayawa. Wajen ba da maki, kashi uku ya isa: ya kawo sashen da ya dace, ya raba labari da ra'ayi, ya faɗi hujjar ɗaya ɓangaren yadda masu ita za su yarda haka take.

Na ga an ɗaga hannu a can baya. Malama, bismillah, sai ki ɗaga murya.